Askin Ranar Kotu

"To, na ji naka, ranka ya daɗe. Ni kuma fa?" in ji Mai Aski, yana goge reza a jikin tawul.

Mai Jiniya ya dube shi ta cikin madubi kamar wanda kujera ta yi wa magana. Ya daɗe rabon da wani ya ce masa "ni kuma fa".

"Faɗi abin da kake so."

"Katangar nan. Ban ce a rushe ba. A huda ƙasanta kawai a sa bututu, ruwa ya samu hanya."

Maƙwabta ne, bango ɗaya ya raba su. Lokacin da Mai Jiniya yake ministan filaye, ko kantin bakin titi zai je sai da jiniya, daga nan unguwa ta laƙaba masa sunan. A zamanin ne ya ja katanga ya haɗiye lungun da ke tsakaninsu, har da lambatun da ke cikinsa. Tun daga nan, duk damina ruwa a tsakar gidan Mai Aski yake kwana, yana cin gindin ɗakin barcinsu. Bangon har ya tsage, yatsa yana shiga.

Amma ba lungun ne ya kai minista kotu ba. Layin shaguna ne ya sa aka rushe a kasuwa bayan alƙali ya hana, ya kuma tsaya gaban 'yan jarida ya ce, "Takarda ba ta tsayar da katafila." Gwamnati ta sauya, jiniya ta yi shiru, masu shaguna suka tuna da hanyar kotu.

Abin da yake so a wajen Mai Aski kuwa shi ne, kafin kowane zama, ya mayar da shi majinyaci. Lauya zai kawo takardar likita, direba zai tura keken marasa lafiya, amma fuska aikin mai aski ce.

"In aka ɗage zaman nan, zan kira magini," in ji Mai Jiniya.

"Alkawari kaya ne fa, ranka ya daɗe."

"Ni za ka koya wa ɗaukar kaya?"

Mai Aski ya san aikinsa. Ya daina sa masa baƙin rinin da ya saba, furfura ta fito kamar an buɗe mata ƙofa. Ya bar gemu ya yi buzu-buzu, ya rage gefen kunci don fuska ta zurma, ya shafa 'yar hoda a leɓe ya yi fari. Da ya gama, matar minista ta shigo, ta dafe ƙirji.

A gida kuwa tasa matar ba ta dafe komai ba, sai ƙugu.

"Malam, kai da Allah ya ba hannun gyara mutane, yau ka koma ɓata su?"

"Ɓatawar ta fi wuya, ba ki sani ba ne."

"Alkawarin mutumin nan ka riƙe? Gara ka ɗebi ruwa a kwando."

Aka ɗage zama. Magini bai zo ba, wai ya yi tafiya. Aka sake ɗagewa, wai siminti ya yi tsada, a jira ya sauko. Mai Aski yana gani, yana haɗiyewa, domin wanda hannunsa ke bakin kura ba ya fizga da ƙarfi.

Akwai wani tsohon tela cikin waɗanda aka rushe wa shago, yanzu a kai yake yawo da keken ɗinkinsa. Yakan zo aski a shagon Mai Aski.

"Kai da kake shiga gidan, da gaske ba shi da lafiya?" ya tambaya wata rana.

"Ni kansa nake gani, abokina, ba na ganin ciki."

Mai Aski ya daɗe yana gyara masa ƙeya, wadda ba ta bukatar gyara.

Cikin rani na biyu ne hannunsa ya fara gaya masa wani abu. Reza tana tarar da ƙashi a fuskar Mai Jiniya, inda da nama ne. Wuyan riga ya yi wa wuya yawa. Ya ɗauko hoda, ya dubi leɓen, ya mayar da ita jaka, domin leɓen ba ya bukata. Mutumin da ke wasan tari a gaban alƙali yanzu yana tari a ɗaki shi kaɗai, yana ɓoye hankici a ƙarƙashin cinya.

Lauya ya kai sabuwar takardar likita, wannan karon ta gaskiya. Alƙali bai ko buɗe ta ba. Ya ce ya karanta 'yan'uwanta har ya haddace. Ranar zama mai zuwa, ko a kan gado ne a kawo masa shi.

Da safiyar ranar Mai Aski ya shiga da jakarsa. Falo yana warin magani. Mai Jiniya yana kan kujera, an tokare shi da matashi ta kowane gefe.

"Yau ba ni da aiki, ranka ya daɗe. Haka ma ya isa."

"Ɗauko rinin."

"Na'am?"

"Ka kurumce ne? Baƙi wuluk. Ka kwashe gemun nan tas. 'Yan jarida za su cika wajen. Ba za su ga na shiga kamar kazar da ruwa ya daka ba."

"Ai yau ce ranar da ya kamata alƙali ya gan ka yadda kake."

"Wannan yaron? Ina minista yana ɗaukar wa wani jaka."

Mai Aski ya dama rini. Ya bi gashin a hankali, yana tallafe kan da tafin hannu, domin wuyan ba ya iya riƙe shi. Da ya kai reza maƙogwaro, sai ya tsaya.

"Damina ta ƙarato, ranka ya daɗe. Ga babban ɗanka a waje. Kalma ɗaya ce, ka faɗa masa a gabana."

Mai Jiniya ya buɗe ido ɗaya.

"Ka sa min wuƙa a wuya kana roƙo? In na dawo."

"In ka dawo."

"Ka taɓa ganin na je wuri ban dawo ba?"

Ya dubi madubi, ya juya kunci dama da hagu, ya yi murmushi. Daga nesa, wallahi, sai ka ce ministan da ne.

Da rana tsaka mota ta dawo, direba kaɗai a ciki. Ya zauna kan bencin ƙofar shagon Mai Aski, hula a hannu.

"Ya ƙi hawa keken, baba. Da ƙafarsa ya hau bene. Alƙali ya dube shi ya ce, madalla, ashe an samu sauƙi, sai a tsaya a saurari tuhuma. Ana cikin karantawa ya sulale." Direba ya murza hular. "Mutane suka yi dariya. Wani daga baya ya ce wannan faɗuwar ta fi ta bara kyau. Sai da ɗan sanda ya taɓa shi."

Bayan an kai shi makwanci, baƙi sun watse, Mai Aski ya tari babban ɗan a bakin ƙofa, ya yi masa gaisuwa, ya kawo maganar.

"Wace katanga? Baba bai faɗa mana ba. Gidan ma rufe shi za a yi sai an gama rabo."

Tela ya zo aski a makon. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle.

"An ce shari'a ta mutu da mai ita," ya ce. "Lauyoyi sun ci, 'ya'ya sun gaje gida, shi kuma ko kalmar laifi ba a kai ga faɗa masa ba. Mu ne dai a ƙasa. Kai fa, maƙwabci? Ka samu wani abu?"

"Sunkuyar da kai," in ji Mai Aski.

Ruwan farko ya sauko da la'asar. Shi da matarsa suka kinkimo katifa daga ɗakin da ya tsage, suka jingina ta a shago, ƙarƙashin madubi. Ya koma bakin tsakar gida, wando a naɗe, bokiti a hannu, yana kallon ruwa yana taruwa a gindin katangar, yana hawa a hankali.