Walimar Likitan Ido

Sada bai taɓa shinkafar ba. Ɗaliban Nijar da ke karatu a ƙasar Larabawa sun cika falon a unguwar Madinat Nasr, ana walimar Alhusaini, wanda ya gama karatun likitan ido, kuma ofishin jakadancin wata ƙasar Turawa da ke unguwar Dokki ya ba shi izinin zama can.

Kowa ya san yadda ake yi a ofishin nan. Maki suke ba mutum kamar ɗan firamare: na ƙuruciya, na Faransanci, na sana'a. Bara wani ɗalibi, Yakuba, ya je da iliminsa na fikihu da gurguwar ƙafarsa, ko kujera ba su nuna masa ba. Alhusaini kuwa har gahawa aka kawo masa.

Abin da ke cin Sada, garinsu ɗaya da Alhusaini, Madawa. Shekara da shekaru ana ce wa tsofaffin garin su yi haƙuri, ɗansu na nan tafe. Cikinsu har da mahaifiyar Sada, wadda ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu, sai an ja ta da sanda zuwa bayan gida. Da harajin waɗannan bayin Allah aka yi karatun. Yanzu da abin ya nuna, wasu da ba su yi ban ruwa ba sun miƙo hannu sun tsinke.

Ya tare Alhusaini a baranda ya faɗa masa haka. Alhusaini ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, asibitin gida ko fitilar kirki babu, amma zai riƙa aiko da magani.

"Maganin ne zai riƙe wuƙar aikin ido?" in ji Sada.

Ɗanmalam, dattijon ɗalibai, ya shiga tsakani, ya ce arziki na Allah ne, kada a ɓata wa mutane taro. Don ya lallashi Sada, ya ce shi ne zai rufe da addu'a.

Aka ɗaga hannuwa. Sada ya yi salati, ya bar Larabci ya koma Hausa.

"Allah ka mayar da Alhusaini Madawa. Allah ka sa waɗancan Turawan su fasa."

Ba wanda ya ce amin. Sada ya bi su da kallo, ya gane kowannensu makinsa yake aunawa a zuci. Ɗanmalam ya yi maza ya ja Fatiha.

Ba su fasa ba. Ranar da jirgin Alhusaini ya tashi, Sada ya sa kaset a rakoda don aika saƙo gida. Ya gaida Inna, ya tambayi jikinta. Saura labarin Alhusaini. Daga nan ya zauna yana kallon kaset na juyawa.