Ƙaurin Da Ita Kaɗai Ke Ji

Kwana uku ke nan shugabar masu girki tana cewa babbar tukunyar turiri tana ƙauri, kwana uku kuma kowa a kicin ɗin otal yana baza hanci bai ji komai ba. Tukunya ce mai aiki da lantarki, ta kai tsayin mutum, tana turara faranti goma a tashi ɗaya, kuma lafiyarta ƙalau. Amma ita da ta matso sai ta toshe hanci ta yi waje. Manaja ya gaji, ya ce a kira mai gyara, in ba a ga komai ba ta shafa wa mutane lafiya.

Mai gyaran kuwa mijinta ne. Mai Waya ake ce masa, mutum ne da ba ya gaggawa ko da wuta ta kama hularsa. A bakin ƙofa Iya mai wanke-wanke ta tare shi, hannunta duk kumfa.

"Ɗana, a gida ma haka take?"

"Wallahi Iya, jiya turarena ta sa na fitar waje. Shekara tara ina shafa shi."

Iya ta ƙyalƙyale da dariya. "Irin hancin nan sau bakwai na yi shi. Ga 'ya'yan can duk sun girma."

Sai da ya yi taku biyar maganar ta shige shi. Shekara tara da aure, ko ɓari ba su taɓa gani ba, har sun daina ƙirgen wata don ya sha ba su kunya. Nan take ya yi lissafi irin na masu gyara: in akwai abin da ke ƙonewa a tukunyar nan, hancinta gaskiya ne, in kuwa hancinta gaskiya ne... Bai yarda ya ƙarasa ba. Ya dai rikice, har ya yi wa firji sallama.

Ya kashe wutar daga babban makunni, ya kwance murfin gefe. Fis mai katse wuta lafiya. Ya ɗora mitar gwajin wuta a kan hita ukun da ke tafasa ruwan, kowace ta ba da abin da ya kamata. Wayar ƙasa daram. Bai taɓa jin haushin kaya masu lafiya irin na ranar ba.

"Ka gani ko?" in ji Manaja, yana duba agogo. "Rufe mana, baƙi na jira."

"Ranka ya daɗe, a sanyi na gwada ta. Ai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A cika ta, a kunna."

Aka cika, aka kunna. Mai Waya ya tsuguna yana maƙala mita a wayoyi ukun da ke kawo wuta, yana addu'ar da babu mai gyaran da ya taɓa yi: Allah Ka sa da matsala. Minti goma, shiru. Minti ashirin, zufa ta jiƙe masa riga, zuciyarsa ta fara karaya. Can sai lambar da mitar ke nunawa a wayar tsakiya ta yi rawa, ta sauka, ta dawo.

Ya sake kashe wutar, ya bi wayar da tocila har bayan akwatin da take shiga, inda ido ba ya kaiwa. Sukurun da ke riƙe da ita ya yi sako-sako, da zafi ya hau sai ta riƙa tartsatsi a ɓoye. A jikin robarta ga ɗan tabo ruwan ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba. Ya kai hanci har yana gogar ƙarfe, da ƙyar ya ji ƙauri.

"Ta ƙone!" Ya miƙe har kansa ya bugi murfin, bai ma ji ba. "Ranka ya daɗe, ta ƙone! Alhamdulillahi!"

Ya rungume Manaja, ya rungume buhun albasa. Manaja ya ja da baya yana tambayar Iya ko wuta ce ta ja shi.

Ya yanke wurin, ya ɗaure sabon bakin wayar tamau, ya fita da guntun a tafin hannu. Matarsa tana zaune kan benci a bayan kicin. Saura taku shida tsakaninsu ta zabura ta toshe hanci.

"Shi ne! Maigida, don Allah tafi da shi can!"

Ya tsaya inda yake, yana dariya hawaye na zuba. Ta dube shi, ta hango Iya tana leƙe ta taga, sai ta sunkuyar da kai.

"Sati uku ke nan da na yi ɓatan wata," ta ce a hankali. "Tsoron faɗa nake, kada ya zama irin na da."

Ya ciro hankici, ya naɗe guntun wayar kamar zinariya.

"Ka jefar mana," ta ce ta cikin mayafi.

"Wannan? Ai sai mai shi ya girma na nuna masa."