Makarar Inna

Sallau na sa kafaɗa, sai makarar ta karkace. Gawar Inna ta zame ta yi wajen Kawu Aliyu, mutane suka yi saurin tarewa.

"Saki," in ji Kawu, ƙanen marigayiyar. "Ka fi mu tsawo, ɗana. Biyo mu a baya, lada ɗaya ne."

Sallau ya ja gefe. Bai daɗe da dawowa Wara ba daga Amurka, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙwallonsu na sulke da hular kwano. A layin gaba yake, aikinsa tare ƙarti kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Da kuɗin wasan ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ya saya wa masunta injin jirgi. Inna kuwa sai dai a waya. Duk jinyar da ta yi a Yelwa, wasu ne suka riƙa ɗaga ta suna kwantarwa.

Sunday, ɗan goggonsa kuma abokin wasansa, ya miƙo masa sandar da shi Sallau ke dogarawa.

"Karɓi, Basamude. Kai ka ce min likita ya ce gwiwoyin nan sun gama aiki."

"Riƙe min."

"Tun muna yara kwalekwale ke nitsewa in ka shiga. Yau kuma makara za ka kifar?"

Sallau ya ɗingisa ya cim ma masu ɗauka, ya taɓa kafaɗar saurayin da ke riƙe da kusurwar baya.

"Kawu, a bar ni."

"Maƙabarta da nisa. Sai mun wuce bakin ruwa."

"Na sani."

Ya lanƙwasa gwiwa, ya sauke ƙugu, bayansa a miƙe, irin tsayuwar da yake yi a fili kafin a yi karo. Kafaɗarsa ta zo daidai da ta sauran. Makarar ta daidaita.

Haka ya yi ta tafiya yana rage tsawo. Sauran kusurwoyin ana ta karɓeɓeniya kamar yadda aka saba, tasa kuwa duk wanda ya matso sai ya girgiza kai. A yashin bakin ruwa gwiwar hagu ta yi ƙara, har Kawu ya waiwayo. Gumi ya jiƙe masa riga. Abin da ya fi damunsa shi ne rashin nauyin Inna. Ko kayan wasansa sun fi ta.

Da aka sauke a bakin kabari, ya yunƙura zai miƙe, ƙafafun suka ƙi. A zaune ya ga an sa ta, an jera itace, an rufe. Aka shafa addu'a, jama'a suka fara watsewa.

Sunday, wanda ya tsaya daga gindin wata bishiya, ya ƙaraso.

"Tashi mu tafi."

"Ba sa tashi."

Sunday ya dube shi, ya dubi hanya. "Wa zai iya da kai? Bari in nemo amalanke."

Sallau ya ɗora tafin hannunsa a kan danyar ƙasar.

"Je ka," ya ce. "Amma kada ka yi sauri."