Fito Uku a Ƙofar Ruwa

"Riƙe ni da kyau, Des, ni ba buhun lemo ba ne," in ji Clarrie, lokacin da ni da matarsa Merle muke sauke shi cikin ƙaramin jirgin ruwana. Ai buhun lemo ya fi shi nauyi. Ciwo ya gama cinye maƙwabcin nan nawa, bakin ne kawai ya bar masa.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tsaron ƙofar ruwan da ke ƙasan gonata a Kogin Murray. In jirgi ya busa ƙaho sau uku, sai Clarrie ya buɗe masa ya shiga, ya rufe, ya rage ruwa har ya yi daidai da na gangare, ya sallame shi. Sai da likita ya ce saura kwanaki sannan ya faɗi abin da ke ransa: bai taɓa ratsa ƙofar a cikin jirgi ba. Kullum daga sama yake kallo.

Muna isa, ƙahon jirgina ya ƙi yin ƙara. Tegan, wadda ta gaje shi a aikin, ta hango mu, ta nufi wurin buɗewa.

"Ɗaga mata hannu ta tsaya," ya ce. "Ba mu busa ba."

"Clarrie, numfashinka fa."

"Ni na koya mata aikin, Des. Ba a kaina za ta fara ɓata shi ba."

Haushinsa ya kama ni, ga tsoron kada ya cika a bakin ƙofar. Ina ta dukan ƙahon, sai Merle ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito sau uku, dogaye, irin wanda take kiransa da shi cin abinci.

"Wannan ya karɓu," ya ce.

Muka shiga. Tegan ta miƙo igiya, ya ce shi zai riƙe. Ruwa ya fara sauka da mu, bango yana tashi, jiƙe sharkaf, duk gansakuka. Clarrie ya shafa shi da tafin hannu, ya goge a bargon da ke jikinsa, sannan ya ɗaga kai ya dubi Tegan can sama.

"Ashe haka suke ganina," ya ce. "Merle, me ya sa ba ki taɓa gaya mini na riƙa murmushi ba?"

"Na gaya maka, tsoho. Ba ka ji."

Ranar Laraba da hantsi ya rasu. Merle ta wanke komai nasa ban da bargon. Yana nan a kan kujerar baranda, da shatin yatsu huɗu na koren gansakuka a gefensa.