Sabon Yaɓen Baiwa

Baiwa na cikin wanke laka daga hannunta ta ji tsayuwar motar furoje, ta masu aikin agaji, a bakin lungu. Ta yi maza ta ɗaura zanen fita unguwa, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, ta dubi bangon ɗakinta, ranta fari ƙal. Kwana biyu ta yi tana yaɓe shi ita kaɗai, tun da mai unguwa ya sa aka yi shela cewa baƙi za su zo duba gidajen bakin ƙorama, kowa ya kintsa. Baiwa kuwa ko ciwo take ba a shigo mata gida a tarar da abin kunya. Tsagar da ambaliyar bara ta bari, wadda hannu ke shiga har gwiwa, ta cusa mata tsumma, ta shafe ta sumul. A gindin bangon nan 'ya'yanta uku suke kwana.

Wata budurwa mai suna Najaha ce ta yi sallama, waya a hannu ɗaya, gwangwanin jan fenti a ɗayan.

"Inna, ina maigidan?"

"Yana Legas, 'yata. Ya kusa dawowa."

Shekara huɗu ke nan rabon mijinta Hashimu da garinsu Matameye, ko waya ya daina ɗagawa. Amma wace mace ce za ta tona asirin aurenta a gaban baƙuwa?

"Ruwan bara ya yi muku ɓarna?"

"Ya ɗan taɓa mu. Allah ya kiyaye."

"Abinci fa?"

"Alhamdu lillahi, ba abin da muka rasa."

Najaha ta shafa bangon, ta ɗauki hotonsa. "Ma sha Allahu, Inna, ginin nan garau yake." Kan Baiwa ya yi girma. Ta dama mata ragowar furar da ta ajiye wa yara, yarinyar ta sha, ta yi godiya, ta fita ba ta ko buɗe gwangwanin ba.

Jim kaɗan sai ga guɗa daga gidan Indo, maƙwabciyarta, wadda ko shara sai ta ga dama. Baiwa ta leƙa. An zabga wa ƙofar Indo jan fenti.

"Lafiya, Indo?"

"Ke ba ki ji ba? Wanda duk aka shafa wa ja, fili za a ba shi a kan tudu kafin damina! Ni kam kowace tsaga sai da na nuna musu, har kuka na yi. Ke ina naki?"

Baiwa ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta cim ma motar tana shirin tashi, ta riƙe ƙofa.

"'Yata, dawo ki gani! Wallahi tsaga ce a ciki, ni na rufe ta. Mijin ma babu shi!"

Najaha ta sunkuyar da kai. "Inna, abin da kika faɗa shi na rubuta, ya riga ya tafi ofishinmu na Damagaram. Yanzu duk unguwar haka kowa ke cewa."

Motar ta wuce. Baiwa ta rasa wanda za ta zaga, don babu wanda ya yi mata ƙarya sai ita.

Ta koma gida, ta ɗauko fartanya, ta shiga kankare yaɓen. Bai ma gama bushewa ba, sai zubowa yake. Ta zaro tsumman ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya tana hangen ƙorama ta cikin tsagar.