Turakun Kwalekwalen Nda Tsado

An tashi daga makaranta ke nan Nda Tsado ya same ni a gindin mangwaro da takarda a hannu. Mutanen ƙetaren kogi sun kai shi kotu kan fadamar da yake noman shinkafa. Sun ce ƙasarsu ce ruwa ya yanko ya kai masa.

"Ticha, lauya ya ce maganar duka tana kan kalmar Turanci ɗaya. Karanta min."

Na duba. "Accretion."

"Allah ya tsare! Ciwo ne?"

"A'a, Nda. Ƙaruwar abu ce kaɗan-kaɗan, yadda ido ba ya kama ta. In kogi ya tara maka ƙasar a hankali, bana taki ɗaya, baɗi taki ɗaya, taka ce. In kuwa a damina ɗaya ya yanko ta, ta masu ita ce."

"A hankali ya kawo ta."

"Na yarda. Wa zai shaida?"

Sa'o'insa da suka san tsohon bakin ruwa duk sun rasu.

Matarsa Nna Kashi, mai sayar da bandar kifi a ƙofar makaranta, ta tsoma baki. "Ticha, rabu da shi. Mutumin da ko turken kwalekwalensa ba ya cirewa? Kullum shekara sai ya kafa sabo, ya bar tsohon ya zama daji."

"Wane turke, Nna?" na tambaya.

Muka gangara fadamar mu uku. Ashe duk shekara in ruwa ya ja baya, sai Nda Tsado ya sari ɗanyen reshen aduruku ya kafa a sabon bakin ruwa don ɗaure kwalekwale. Na bara kuma sai ya yi saiwa ya tsiro. Ga su nan a jere: na can tudu sun fi bukka tsayi, na bakin ruwa ko ganye bai gama fitarwa ba. Na ƙirga ashirin da uku.

Washegari na rubuta wa lauya. Kotu ta turo mai awon ƙasa, ya auna tsakanin bishiya da bishiya, ya ga kaɗan-kaɗan ƙasar ta riƙa ƙaruwa duk shekara. Fadama ta zauna a hannun Nda Tsado.

Har yau bai iya faɗin kalmar ba. Amma bana da ruwa ya ja baya, Nna Kashi ce da kanta ta saro masa reshen.