Dabbab a Zaure

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji huɗu na tsaya a makaranta, kuma ban so wani ya karanta ya yi wa Umma dariya. Ita ce ta ce in rubuta, wai ta gaji da maimaita labarin ga duk wadda ta shigo gidanmu ta ga baƙin tabon da ke bangon zaure.

Mahaifina, Baba Sabo, ƙanƙara yake sayarwa. Yana da babur ja, wanda mu a Madina muke kira dabbab, da akwatin katako ɗaure a baya. Da zafi yakan ɗauko ƙanƙara tun da safe, ya naɗe ta a buhu, ya bi gonakin dabino da wuraren gini har unguwar Jurf. Da sanyi kuwa ba mai neman ƙanƙara ko kyauta. Sai ya tafi Yanbu, inda yake dakon kifi daga bakin ruwa zuwa motoci, har zafi ya dawo. Ba ya son aikin. Bayansa na ciwo, kuma duk shekara ya dawo sai mun ga ya ƙara ranƙwafawa.

Sanyin da ya biyo bayan yaƙin Kuwaiti ya zo da ƙarfi. Ranar da Baba zai tafi ya turo dabbab cikin zaure, domin gidanmu na unguwar Ƙurban ba tsakar gida, zaure ne da ɗaki biyu da wurin girki. Ya kira ni, ni kaɗai ce 'yarsa da ta rage a gida.

“Safiyyatu, zo ki gani. Wannan ɗan famfon na mai ne. Ki buɗe, ki taka nan da ƙarfi, in ya tashi ki bar shi ya yi kuka gwargwadon karatun Yasin. Sannan ki kashe, ki rufe famfon. Kowace Juma'a. Kada ki manta da famfon.”

“Baba, in ya gudu da ni fa?”

“Ina zai je? Bango ne a gabansa.”

Ya nuna mini yadda ake ɗiga mai a sarƙa, da yadda ake juya tayoyi don kada su kwanta gefe ɗaya. Ya lulluɓe shi da tsohon bargonsa. A bakin ƙofa ya ce azumi bana zai zo da farkon zafi, in dabbab na da lafiya zai baro kifi ya dawo mu yi azumi tare. In kuwa ya mutu, sai dai ya zauna can har bayan Hajji, don mai kifin ba ya ɗaukar mutum rabin lokaci.

Unguwa ta yi shiru bayan tafiyarsa. Da can ba na duba agogo don sanin lokacin ɗora shayi, ƙarar dabbab nake ji tun daga kwanar masallaci. Yanzu sai in ji wani babur ya wuce in ɗaga kai, alhali na san namu na zaure cikin bargo.

Juma'ar farko na yi ta takawa har cinyata ta yi tsami. Da ya tashi na tsorata na ja baya, hayaƙi ya cika zaure, Umma ta fito tana tari tana kaɗa mayafi. Daga baya na saba. Bayan an sauko daga masallaci Baba kan bugo telefon ɗin maƙwabtanmu, su miƙo mana ta taga da doguwar igiyarsa. Ya gaisa da Umma a taƙaice, sai ya ce, “Ba ni shi.” In kai kan telefon kusa da injin, ya saurara.

“Ya ɗan shaƙe. Kin bar shi ya yi zafi kuwa?”

“Na bari, Baba.”

“To, madalla. Ki goge masa ƙura.”

Umma takan ce, “Ni da na haifa masa 'ya'ya minti ɗaya na samu. Ƙarfe ya kwashe sauran.”

Wasa take yi, amma ba duka ba. Umma Murja turare take haɗawa, na wuta da humra, irin wanda ta koya wurin kakarta. Da sanyi shi ke riƙe da gidan, musamman a Rajab da Sha'aban da ake ta bukukuwa kafin azumi. Itacen turare kuwa yana shan duk warin da ya samu. A zaure take shanya shi da can, yanzu dabbab ya cinye wurin, kuma warin fetur ya bi ɗakuna, ya shiga labule, ya shiga abayarmu. Ni na daina jinsa. Masu shigowa suna ji.

Wata Laraba Hajiya Fatna ta zo, wata 'yar Cadi mai aurar da 'yarta, riƙe da kwalbar da ta saya a wurinmu.

“Ya Murja, ni turaren amarya na ce, ko na ce na direba? Na sa a kasko dangin ango suna zaune, wata ta ce wa ya shigo da mota ɗaki.”

Umma ta shinshina kwalbar.

“Ki fitar da abin nan waje mana. Namiji ya tafi ya bar miki ƙarfe kina jinya.”

“A waje za a sace. Ga ruwan sama.”

“To ki yi masa wanka.”

Suka yi dariya, Umma ta ba ta wata kwalbar daga ƙasan akwati. Da Hajiya ta fita dariyar ta ɗauke. Umma ta daɗe a tsaye tana kallon bargon, hannu a ƙugu. Idonta ya yi ja saboda hayaƙin kasko da rashin hutu.

Washegari da hantsi ta aike ni baƙala, wato shagon unguwa, sayen sukari. Layin ya yi tsawo, ni kuma ban iya kutsawa cikin maza, sai na tsaya gefe har mai shagon ya lura da ni. Ina dawowa, tun daga bakin lungu na ji ƙamshin sandal, mai kyau sosai, a ƙarƙashinsa kuma wani abu kamar roba. Na tura ƙofa na tarar zaure ya yi duhu da hayaƙi.

Abin da Umma ta yi shi ne abin da take yi wa duk kayan da suka ɗauki wari. Ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora turarenta mafi tsada, ta tura ƙarƙashin dabbab, ta ja bargo ta rufe ruf har ƙasa don kada hayaƙin ya tsere. Haka ake turara zanin amarya. Sannan ta koma wurin girki.

Gefen bargon na ci da wuta. Na yar da sukarin na fizge shi, ya manne da sirdi, na sake ja ya taho da fatar sirdin. Na shure kaskon da ƙafa. Umma ta fito da bokitin ruwan wanke-wanke tana salati ta watsa. Wutar ta mutu, ta bar baƙi a bango har kusa da rufi.

Muka tsaya muna haki. Sai a lokacin na ji tafin hannuna na zafi.

“Wari kawai na so in cire,” in ji Umma. Muryarta ta yi ƙanƙanta. “Wallahi wari kawai.”

Ta shafa mini man goge baki a hannu, ta ɗaure da tsumma. Na gwada taka dabbab da ƙafa, na sake, na sake. Ko tari bai yi ba.

Da la'asar ta aika aka kira Abdussamad, wani Bahaushen Sudan mai gyaran babura a bakin titi, abokin Baba ne. Muka koma bayan labule ya shigo. Mun ji ya ja hanci.

“Masha Allah. Hajiya, yaushe ne ɗaurin auren? Ban taɓa ganin dabbab mai ƙamshi haka ba.”

“Abdussamad, ka duba mana, ban da ƙarfin wasa.”

Ya yi ta taɓe-taɓe. Can ya ce, “Wa ya rufe famfon mai?”

Umma ta zungure ni. Da ƙyar na ce, “Ni ce.”

“To ki gode wa Allah, ya binti. Da a buɗe yake, da yanzu ba ni ake kira ba.” Ya ce wayoyin da ke ƙarƙashin sirdi sun narke sun haɗe, da akwatin wutar. Irin wannan tsohon sai an aika Jidda, ko a jira wani dabbab ya mutu a cire nasa. Zai iya ɗaukar wata, zai iya fi. “Ku kawo shi warsha, wurin aikina, in fara buɗewa. Yau ba ni da mai turowa, ni kuma gwiwata kun san halinta.”

Bayan ya tafi Umma ta ce, “Gobe Juma'a.”

“Na sani.”

“Ko mu ce masa mai ya ƙare?”

Na duƙa na ɗauki sukarin da na yar.

Da aka miƙo telefon ta taga, Umma ce ta karɓa. Na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa yana cewa a ba shi dabbab. Ta juya mini baya ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har sunan turaren. Ta daɗe tana saurare, sannan ta miƙo mini.

“Safiyyatu. Hannun naki?”

“Da sauƙi, Baba.”

“Kin sa magani?”

“Na sa.”

Ina jin hayaniyar kasuwar kifi a bayansa, wani na kiran wani da Larabci. Ya yi numfashi mai tsawo.

“Jiya mai kifi ya tambaye ni ko zan zauna. Na ce ya bari sai na ji gida.”

“Abdussamad ya ce zai gyaru, Baba.”

“Zai gyaru. Ba kafin azumi ba dai.” Ya yi ɗan tari. “Ba komai. Ki ce wa Ummanki ta daina kuka, ina jinta. Ni ne na ajiye mata fetur a kan sana'arta ban tambaye ta ba. Sai bayan Hajji, in Allah ya yarda.”

Na so in tambaye shi bayansa, amma layin ya yanke. Na miƙa telefon ta taga na yi godiya. Ranar ba mu yi girki ba, shayi muka sha da burodi. Umma ta kwanta tun magariba, fuskarta na kallon bango.

Da safe bayan na yi sallah na share tokar zaure, na kwance akwatin ƙanƙara na jingine shi a ɗaki. Na sa abaya, na ɗaure bakinta a ƙugu don kada ta shiga taya, na buɗe ƙofa duka biyu. Dabbab ya fi yadda na zata nauyi, kuma da hannu ɗaya da rabi nake riƙe da shi. A dokin ƙofa ya kusa kayar da ni. Mazan da ke shan shayi a gaban baƙala suka bi ni da kallo, ni kuma na kafa ido a tayar gaba. Na huta a kwanar masallaci, na sake hutawa a gindin fitilar titi. Da na isa warsha Abdussamad bai buɗe ba tukuna, sai na kafe dabbab a bakin ƙofar, na tsaya kusa da shi cikin sanyi ina jira.